Zafin Jiki: Ganuwar Da Ke Tsare Mu Daga Funfuna

Duk wanda ya taɓa manta tuwo a kwano har kwana uku da damina, ba sai an gaya masa mece ce funfuna ba. Ita da laimar kwaɗi da yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, duk dangi ɗaya ne. Irinsu da masana suka ba suna sun haura 100,000, amma 'yan ɗaruruwa ne kawai ke sa wa mutum cuta. Ga shi kuwa kullum muna shaƙar ƙwayoyinsu a iska. To, me ya hana sauran cinye mu kamar yadda suke cinye tuwo?

Babban dalili shi ne zafin jiki. Jikin mai lafiya yakan tsaya a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyos, dare da rana, da sanyi da bazara. Galibin dangin funfuna kuwa sun fi jin daɗin yaɗo tsakanin digiri 25 da 30. In suka shiga cikinmu, sai zafi ya kassara su kafin su kafu. Wannan yana cikin dalilan da suka sa makero, wanda ya addabi wasunmu a firamare, yakan tsaya a fata, domin ta fi cikin jiki sanyi. A shekarar 2009 wasu masana biyu, Vincent Robert da Arturo Casadevall, suka duba bayanan funfuna fiye da 4,000. Suka gano cewa tsakanin digiri 30 da 40, duk digiri ɗaya da ya ƙaru, sai kimanin shida cikin ɗari su kasa girma.

Dabbobi ma shaida ne. Masu kiwon tattabaru su saurara. Akwai wani yis mai suna Kiriftokokas da ke zama a busasshen kashin tattabara, wanda kan jawo sanƙarau ga mutumin da garkuwar jikinsa ta yi rauni, musamman mai cutar ƙanjamau. Ita tattabarar ba kasafai yake taɓa ta ba, don zafin jikinta ya wuce digiri 40. Jemagun Amurka kuwa, da ke yin dogon barci a kogo lokacin hunturu har jikinsu ya yi sanyi, wata funfuna da aka fara gani a jihar New York a 2006 ta hallaka miliyoyinsu.

Amma fa ba kowace ganuwa ce ke gagara hawa ba. Wata funfuna, Asfajilas fumigatus, gidanta juji ne da tarin taki mai ruɓewa. Wanda ya taɓa tura hannu cikin irin wannan tari ya san yadda yake turiri. Tunda tana iya girma har a digiri 50, huhun ɗan Adam a wurinta inuwa ce. Takan kama waɗanda tarin fuka ya bar wa rami a huhu, sai a yi ta zaton tsohon ciwo ne ya dawo.

Wanda ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne wani yis mai suna Kandida auris. A 2009 aka fara bayyana shi, bayan an same shi a kunnen wata tsohuwa a Japan. Ba a daɗe ba sai ga shi a asibitocin Indiya da Afirka ta Kudu da Benezuwela, kuma binciken ƙwayoyin halitta ya nuna ba daga wuri ɗaya ya bazu ba. Yana girma a digiri 42, alhali danginsa na kusa ba sa iyawa, kuma sau da yawa ba ya jin magani. Casadevall da abokansa suna ganin ɗumamar duniya ce ta hore shi, wato ya saba da zafi sannu a hankali a daji har namu ya daina ba shi tsoro. Wannan hasashe ne, ana nan ana muhawara a kansa, ko da yake ni dai hujjar ta kama hankalina.

A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 mafi haɗari. Waɗannan uku da na ambata, na kashin tattabara da ta juji da na asibiti, duk suna sahun farko.