Mazaunin Katamaran a Kan Tirela: Yadda Zai Daɗe Bai Cuci Jirgi Ba

Katamaran jirgin ruwa ne mai kama da kwalekwale biyu da aka haɗa da sanduna, irin da ake magana a nan iska ce ke tura shi. Wanda ya fi shahara shi ne Hobie 16, da Hobie Alter ya ƙera a Kalifoniya ta Amurka, ya shiga kasuwa wajen 1970, nauyinsa kusan kilo 145. Masu irin waɗannan jirage a Amurka da Turai da Ostireliya kan ajiye su a gida bisa tirela, su ja su da mota zuwa bakin teku. Jirgin ya fi daɗewa a kan tirela fiye da cikin ruwa, kuma da yawa daga lotsewa da karcewar da ake gani a jikinsa can suke faruwa.

Ga dalili. Jikin jirgin faiba ne, a wurare da yawa falle biyu ne marasa kauri da soso mai tauri a tsakani. Yana jure nauyin da ya bazu, amma ba ya jure wanda ya taru a wuri guda. Tirela mai rola kan ɗora nauyin duka a kan ɗan wurin da bai kai tafin hannu ba, ga gargadar hanya tana ƙara duka. Hobie 16 kan haƙura da haka, don ƙasansa siriri ne mai kauri. Jiragen tsere masu zagayayyen ciki, irin su A-Class da duka nauyinsa kilo 75 ne, sai mazaunin da aka zuba daidai da siffar cikinsu, mai faɗi, a kuma sa shi kusa da inda sandunan suka kama jiki, domin nan ne ƙarfin yake.

Sai dai mazaunin ma yana da tasa cutar, kuma kafet ɗin da ake shimfiɗa masa ne. Kafet na shan ruwan gishiri, yana riƙe yashi. Duk lokacin da ka tura jirgi a kansa, yashin nan na goge fentin kamar samfefa. Idan kuma ya daɗe a jiƙe, damshi na shiga ƙarƙashin fenti, sai ka ga ƙananan ƙuraje sun fito daidai inda jirgin ya zauna. Saboda haka duk dawowa daga teku, ɗaga jirgin ka wanke kafet da ruwan famfo, ka bari ya bushe. Duba ko akwai hudar da ruwa zai tsiyaye a gindin mazaunin. In babu, huda. Shafa hannunka a kai lokaci zuwa lokaci. Da zarar ka ji kan ƙusa ko wuri ya yi sanƙo, sauya kafet ɗin, kada ka jira shekara ta zagayo.

Rana kuma na cin roba da faiba a hankali. Mazaunin da launinsa ya koɗe, yake barin farin gari a yatsa, ko ya fara tsagewa a gefen noti, ya tsufa. Rumfa ko tamfol na ƙara masa kwana.

Wajen notuna, sayi na ƙarfen da ba ya tsatsa mai lamba 316. In tirelar ta alminiyam ce, sa washa ta roba da man kariya tsakaninsu, don ƙarfe iri biyu da suka haɗu cikin ruwan gishiri ɗaya ne ke cinye ɗaya, kuma alminiyam ne ke shan kashi.

Kuskuren da na fi ganin mutane na yi da kyakkyawar niyya shi ne matse bel ɗin ɗauri har sai ya yi ƙara. Ɗaure daidai yadda jirgi ba zai yi tsalle ba, ka tsaya a nan. In an iso gida, sassauta bel, cire toshin magudanar baya, ɗaga gaban tirela ruwa ya fita. Ruwan da ya kwana a ciki ƙarin nauyi ne a kan mazauni, a ƙasashen sanyi ma yakan daskare ya fasa jiki.

In ka danna jikin jirgin inda yake zama ka ji ya yi laushi, faiba ta rabu da soso. Kai shi wurin mai gyara kafin ka sake hawa hanya da shi.