Darasi: Ko Ya Kamata Mai Bashi Ya Shiga Shirin Biya Kaɗan-Kaɗan?

Magabata sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ba abin kunya ba ne a ce ana bin mutum kuɗi. Abin da ke rushe gida shi ne ranar da bashi ya fi ƙarfin abin da ke shigowa, har mai gida ya koma cin bashi a nan domin ya biya na can. A darasinmu na wannan wata za mu duba wata hanya da aka daɗe ana bi a Birtaniya da Amurka domin taimakon irin wannan mutum, wato shirin tsara biyan bashi, wanda a can ake taƙaita sunansa da haruffa uku, DMP. Dalilanmu biyu ne. Na fari, 'ya'yanmu da yawa suna zaune a waɗannan ƙasashe, masu karatu da masu aikin jinya da kula da tsofaffi, kuma idan abu ya cuɗe musu gida suke kira neman shawara. Na biyu, lissafin da ake yi kafin a shiga shirin lissafi ne da zai amfani kowane mai bashi, ko a ina yake.

Mene ne wannan shiri?

Mutumin da masu bin bashi da yawa suka sa a gaba yakan je wurin wata ƙungiya ko kamfani mai ba da shawara a kan bashi. Za su zauna tare su rubuta dukan abin da yake samu a wata, su cire abin da ba makawa sai an kashe: haya, abinci, wuta, sufuri, da bukatun yara. Abin da ya rage shi ne zai riƙa miƙa wa ƙungiyar sau ɗaya kowane wata, ita kuma ta raba wa masu binsa, kowa gwargwadon yawan abin da yake bi. Ƙungiyar ce kuma za ta roƙe su su dakatar da kuɗin ruwa da tarar jinkiri. Amfanin a bayyane yake: maimakon wasiƙu da kiran waya daga wurare biyar ko shida, mutum yana da biya guda ɗaya da ya san zai iya. A Amurka yawanci akan tsara shirin ya ƙare cikin shekara 3 zuwa 5, kuma akan rufe katunan cin bashin da aka sa a ciki. A Ingila ba a ƙayyade masa shekaru ba. Yana tafiya har sai an biya kuɗin duka.

Abin da shirin ba ya yi

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, saboda haka mu lura da abubuwa huɗu.

Na ɗaya, shirin ba ya yafe uwar kuɗi. Wanda ake bi fam 9,000 zai biya fam 9,000. Lokacin biya kawai aka tsawaita masa.

Na biyu, a Ingila da Wales shirin fahimtar juna ce, doka ba ta tilasta wa mai bin bashi ya karɓa. Yana iya ƙin dakatar da ruwa, yana iya sayar da bashin ga wani kamfani, yana kuma iya kai ƙara kotu, ko da yake da yawa sukan yarda idan suka ga lissafi na gaskiya. A Sikotlan kuwa akwai wani tsari dabam na gwamnati tun shekarar 2004, mai suna DAS, wanda a ƙarƙashinsa doka ce da kanta ke dakatar da ruwa.

Na uku, sunan mutum zai taɓu. Tun da yana biyan ƙasa da abin da aka yi alkawari da fari, akan rubuta cewa ya gaza, kuma a Birtaniya wannan shaida tana zama shekara 6 a kundin tarihin bashinsa. Cikin waɗannan shekaru samun rancen sayen gida ko mota zai yi wuya.

Na huɗu, shirin ba ya kāre wanda ya tsaya wa mutum. Idan ɗan'uwa ya sa hannu a matsayin mai lamuni, ko miji da mata suka ci bashin tare, mai bin kuɗi yana da iko ya juya kan ɗayan ya nemi cikakken biya. Adalci ya bukaci a sanar da shi tun kafin wasiƙa ta same shi ba zato.

Wane bashi ne ke kan gaba?

Masu ba da shawara sun raba bashi gida biyu, ba bisa ga wanda ya fi yin hayaniya ba, sai bisa ga abin da mutum zai rasa idan bai biya ba. Kuɗin haya ko na jinginar gida, harajin ƙaramar hukuma, kuɗin wuta da gas, da tarar kotu, su ne kan gaba, domin rashin biyansu na iya jawo kora daga gida, yanke wuta, ko zuwan ma'aikatan kotu su kwashe kaya. Bashin kati, rancen banki wanda ba a jinginar da kome a kansa ba, da rancen gaggawa na kafin albashi, su ne na baya. An yi shirin DMP domin kashi na biyu ne. Saboda haka wanda matsalarsa haya ce ta taru masa wata uku, wannan shiri shi kaɗai ba zai cece shi ba. Kuskure ne babba mutum ya hana mai gidan haya haƙƙinsa domin ya rufe bakin kamfanin kati da ke damunsa da waya.

Lissafin da zai yanke shawara

Zuciyar darasin nan ita ce tambaya ɗaya: bayan an cire abin bukata na gaskiya, nawa ya rage a wata, kuma shekara nawa zai ɗauka kafin wannan ragowa ta biya bashin?

Bari mu yi misali. A ce ana bin mutum fam 9,000, abin da ke rage masa kuma fam 150 ne a wata. Idan an dakatar da ruwa, zai gama cikin wata 60, wato shekara 5. Hanya ce mai tsawo, amma ana hango ƙarshenta, kuma sannu ba ta hana zuwa. Irin wannan mutum ne shirin ya fi dacewa da shi, musamman idan yana da gida ko wata dukiya da ba ya so ya rasa.

A ce kuma abin da ke rage masa fam 40 ne kacal. Bashin nan zai ɗauki wata 225, wato shekara 18 da wata 9. Jaririn da aka haifa ranar da ya shiga shirin zai isa shiga jami'a kafin uban ya fita. Wannan ba mafita ba ce, sai dai idan akwai tabbacin cewa samunsa zai ƙaru nan ba da daɗewa ba.

A ce, a karo na uku, masu bin bashin sun ƙi dakatar da ruwa, ruwan kuwa kashi 2 cikin 100 ne a wata. Ruwan fam 9,000 ya zama fam 180, alhali mutumin fam 150 yake biya. Kowane wata bashinsa zai ƙaru da fam 30 ko fiye, yana biya yana nitsewa.

Sharaɗin wannan lissafi shi ne faɗin gaskiya. Wanda ya rage kuɗin abinci a kan takarda domin ya nuna zai iya biya da yawa, zai karya alkawari cikin 'yan watanni. Wanda kuma ya ɓoye wani bashi saboda kunya, wannan bashin ne zai rushe shirin. Miji da mata su zauna su yi lissafin tare, gama bashin da aka ɓoye wa abokin zama ya fi wanda aka bayyana ɓata aure.

A hannun wa za a shiga?

A Birtaniya akwai masu yin wannan aiki kyauta. StepChange, wadda aka kafa a 1993 kuma ta ɗauki wannan suna a 2012, tana da cibiyarta a birnin Leeds. Akwai PayPlan, wanda shi ma ba ya karɓar kuɗi daga mai bashi. Akwai Christians Against Poverty, wadda John Kirkby ya kafa a Bradford a 1996, tana kuma aiki ta hannun ikilisiyoyi, tana taimakon kowa ba tare da duban addininsa ba. A Amurka akwai gamayyar ƙungiyoyin ba da shawara mai suna NFCC tun 1951. Ƙungiyoyinta ba na neman riba ba ne, ko da yake sukan karɓi ɗan kuɗi kaɗan na gudanarwa.

Akwai kuma kamfanoni masu cire ladansu daga abin da mutum ke biya. Mu koma ga misalinmu: idan kamfani yana ɗaukar fam 30 daga cikin fam 150, abin da ke isa ga masu bin bashi fam 120 ne, wata 60 kuma ya koma wata 75. An ƙara wa mutum wata 15 a kan aikin da wani zai yi masa kyauta. Tun 2014 dole ne duk kamfanin da ke wannan sana'a a Birtaniya ya sami izini daga hukumar FCA mai sa ido kan harkokin kuɗi, kuma kowa na iya duba rajistarta. Duk wanda ya yi alkawarin shafe bashi cikin dare ɗaya, ko ya ce a fara biyansa kafin ya yi kome, a guje shi.

Idan lissafi bai fita ba

Rashin dacewar wannan shiri ba ya nufin ƙofa ta rufe. A Ingila da Wales tun watan Mayu na 2021 akwai hutun kwana 60 da mai ba da shawara zai iya nema wa mutum, wanda a cikinsa ake dakatar da ruwa da matsin lamba a kan yawancin basusuka domin ya sami sararin tunani. Wanda ragowarsa ba ta wuce fam 75 a wata ba, ba shi da dukiya mai yawa, bashinsa kuma bai haura fam 50,000 ba, yana iya cancantar umarnin sassauci da ake kira DRO: bayan wata 12, idan halinsa bai canja ba, akan yafe basusukan da aka lissafa a ciki. An soke kuɗin neman wannan umarni a 2024. Mutumin nan mai fam 40 na misalinmu, wannan ce hanyar da ya kamata ya fara tambaya a kanta. Akwai kuma yarjejeniyar IVA, mai ɗaukar shekara 5 ko 6, wadda doka ke ɗaure kowane ɓangare da ita, sai kuma bayyana karayar arziki a hukumance. Kowacce tana da nauyinta, shi ya sa ake neman shawarar masani kafin a sa hannu.

Abin da ya shafe mu a nan gida

Da fari, mu iyaye da dangi. Ɗan da ke biyan fam 150 a wata ba shi da rarar da zai aiko domin kowane biki da kowace jana'iza. Idan ya ce yana cikin bashi, mu gaskata shi, mu rage bukatunmu. Kuɗin da aka aiko mana daga katin bashi, da ruwa za a biya shi.

Na biyu, mu da ke cin bashi a Nijeriya. Lissafin bai canja ba domin kuɗin ya zama naira. Wanda ake bi naira 600,000, yana iya ware naira 25,000 a wata, zai gama cikin wata 24 idan an tsayar da ruwa. Idan kuwa ruwan kashi 5 cikin 100 ne a wata, ruwan kaɗai naira 30,000 ne, ya wuce abin da yake biya. Saboda haka abu na fari da za a roƙa wurin banki, ko ƙungiyar ajiya da rance, ko ɗan kasuwa, shi ne a tsayar da ruwa ko a rage shi, sa'an nan a sake tsara lokacin biya. A je tun kafin ranar biya ta wuce, a je da lissafi a rubuce, a tafi da shaida, duk abin da aka amince kuma a sa shi a takarda.

Mu sani kuma cewa gudu ba ya amfani. Tun 2020 Babban Bankin Nijeriya ya ba bankuna ikon cire bashin da aka ƙi biya daga asusun mutum na wasu bankuna ta hanyar lambarsa ta BVN, bisa izinin da ya sa wa hannu ranar karɓar rancen. Akwai kuma kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin kowa bisa dokar 2017. Game da masu ba da rance ta wayar hannu, tun 2022 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta bukaci su yi rajista, kuma wanda aka ci wa mutunci ta hanyar aika saƙonni ga danginsa da abokansa yana iya kai kuka wurinta. Cin zarafin da suka yi bai shafe bashin ba, bashin kuma bai ba su ikon tozarta mutum ba.

A ƙarshe, wanda ya shiga kowane irin shiri na biya, to ya daina cin sabon bashi, ko na adashi ne, ko na alkawarin gudummawa da aka yi a bainar jama'a domin kada a ji kunya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma fitowa sai da wahala. Mu kuma da ke bin wani kuɗi, idan ya zo mana da lissafi na gaskiya, mu saurare shi. Kaɗan da ke zuwa kowane wata ya fi mai yawa da ba zai taɓa zuwa ba.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta

1. A cikin basusukan da gida kan ci, waɗanne ne rashin biyansu zai fi jawo hasara, kuma su muke fara biya?
2. Mun taɓa zama da abokin aurenmu mun rubuta abin da ke shigowa da abin da ke fita a wata?
3. Kafin mu tsaya wa wani a kan rance, muna tambayar kanmu ko za mu iya biya idan ya gaza?
4. Ta wace hanya zumuntarmu za ta taimaki mai bashi ba tare da tona asirinsa ba?

Allah ya ba mu hikima da gaskiya cikin ma'amalarmu, ya kuma buɗe hanya ga dukan waɗanda bashi ya hana barci. Amin.