Gyaran Tsohon Jirgin Alminiyam a Gida

A wasu ƙauyukanmu na bakin kogin Binuwai da Gongola mukan ga ƙaramin jirgin alminiyam a kife a gindin mangwaro, kaji suna fakewa a ƙarƙashinsa. Mai yiwuwa an kawo shi ne lokacin ambaliyar 2012 ko ta 2022, ko kuwa wani ne ya sayo shi gwanjo. Ya yi aiki na ɗan lokaci, ya fara yoyo, sai aka ja shi tudu. 'Yan gwangwan sun riga sun zo sun taya.

Kada mu yi saurin sayarwa. Mutum biyu da guduma biyu suna iya yin yawancin gyaran a tsakar gida. Amma sai mu sani cewa wannan jirgi ba halinsa ɗaya da kwale-kwalen katako da muka gada ba. Na katako in ya cika da ruwa yakan tsaya a sama, mutane su riƙe shi har taimako ya zo. Na alminiyam kuwa, in babu abin da zai riƙe shi, ƙasa zai tafi kamar kwano. Domin wannan, a cikin darasin nan za mu fara da abin da ke tsare rai. Fenti da ado su jira.

Mu san halin ƙarfen

Alminiyam shi ne ƙarfen da ake yin tukwanenmu na zamani da shi. Wasu suna ce masa sanholo. Nauyinsa kusan kashi ɗaya ne cikin uku na baƙin ƙarfe, shi ya sa mutum biyu ke iya ɗaga jirgin. Irin waɗannan jirage sun yaɗu ne a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1945 kamfanin Grumman, mai ƙera jiragen sama na yaƙi, ya soma yin kwale-kwalen alminiyam, yana haɗa fallayen da ƙananan ƙusoshi masu kai biyu kamar yadda ake haɗa jirgin sama. Waɗannan ƙusoshi su ake kira ribit. A tsohon jirgi, yawancin yoyo daga wurinsu yake fitowa.

Alminiyam ba ya jan tsatsa, gama yana da wata fata marar kauri da iska ke yi masa, ita ke tsare shi. Amma yana da magabtansa. Matan da ke dafa sabulu sun san ba a zuba soda a tukunyar alminiyam, domin takan cinye ta. Haka za ta yi wa jirgi. Kada mu wanke shi da soda ko ruwan toka. Gishirin da muke barbaɗa wa kifi, da takin zamani da muke ƙetarewa da shi zuwa gona, in suka zube suka kwana a cikin jirgi mai laima, su ma suna huda shi sannu a hankali.

Babban magabci kuwa shi ne wani ƙarfe dabam. Idan jan ƙarfe, ko tagulla, ko baƙin ƙarfe ya manne da alminiyam a cikin ruwa, alminiyam ɗin ne ke lalacewa. Za mu ga farin gari kewaye da wurin, daga baya rami. Guntun wayar lantarki da aka yar a ƙasan jirgi ya isa ya fara wannan ɓarna. A ruwan kogi abin yana tafiya a hankali fiye da na teku, amma ba ya fasawa.

Neman inda yake yoyo

Mu kwashe duk abin da ke cikin jirgin, mu wanke shi da sabulu. Idan an taɓa liƙe shi da kwalta, kamar yadda muke yi wa na katako, sai mu kankare ta. Kwalta tana ɓoye ciwon ne kawai, fetur kuma yana narkar da ita.

Sa'an nan mu ɗora jirgin a kan gumagumai ko tsofaffin tayoyi a wuri mai daidai, yadda mutum zai iya leƙa ƙasansa. Mu zuba ruwa a ciki. A nan sai mu yi hankali. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgin da ƙasansa ya kai mita 4 a tsawo da mita 1 a faɗi, in ruwa ya kai zurfin santimita 10 kawai, ya ɗauki kilo 400 ke nan, wato jarka 16 masu lita 25. An ƙera jirgi domin ruwa ya tallafe shi daga waje, ba domin ya riƙe ruwa a ciki ba. In muka cika shi, za mu lanƙwasa shi da hannunmu. Kaɗan ya isa. Mu karkata shi gefe ɗaya, sa'an nan ɗaya gefen, wani yana ƙasa da alli yana zagaye kowane wurin da ɗigo ya fito.

Ribit da ya saki ba lallai a canza shi ba. Mutum ɗaya ya danna babbar guduma a kan ƙusar daga waje, ɗayan ya bubbuga gindinta daga ciki da ƙaramar guduma, sau uku ko huɗu. Ba da ƙarfi ba. Mai bugu da zafin rai yakan faɗaɗa ramin, yoyon ya fi na dā. Wanda ya ci gaba da ɗigo bayan haka, sai a huda shi a cire, a sa sabo na alminiyam wanda ya ɗan fi shi kauri, da ɗan gam na jirgin ruwa. Ribit ɗin da masu tagogi ke harbawa da bindigarsu yana da rami a tsakiya, yawanci kuma da guntun baƙin ƙarfe a ciki. Bai dace da inda ruwa ke taɓawa ba, sai dai irin wanda gindinsa a toshe yake.

Idan tsagewa ce, mu huda ƙaramin rami a kowane ƙarshenta domin ta daina tafiya. Sa'an nan mu yanko fallen alminiyam wanda ya fi ta faɗi, mu shafa gam, mu kama shi da ribit kewaye. Ban da kwanon rufi na baƙin ƙarfe, kome arharsa.

Wani zai ce, me zai hana mu kai wa mai walda? In mai waldan ƙofa da taga ne, mu ba shi haƙuri. Alminiyam yana narkewa a zafin digiri 660, ba ya kuwa yin ja kafin ya narke, sai dai a ga rami farat ɗaya. Fatar nan tasa kuma ba ta narkewa sai zafi ya wuce digiri 2,000. Aikin yana bukatar injin walda mai iskar argon da wanda ya saba da shi. Ko shi ma, zafin wutarsa yakan sassauta ribit na kusa, sai an sake gwada su.

Katakon baya

Inda ake ɗaura inji akwai katako mai kauri. Mu soka masa wuƙa. In ta shiga da sauƙi, ya ruɓe, wata rana inji zai tafi da shi cikin ruwa. Mu cire shi a hankali domin mu auna sabon da shi. Maɗaci ko kawo busasshe ya yi. Mu shafe shi da fenti ta kowane gefe, har cikin ramukan ƙusa, kafin mu ɗaura. Katakon da aka jiƙa da maganin gara har ya yi kore-kore yana da jan ƙarfe a cikin maganin, kada ya taɓa jirgin. Ƙusoshi masu noti kuma su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, irin na cokali, da ɗan faifan roba tsakaninsu da jikin jirgin.

Abin da ke ƙarƙashin benci

Wannan shi ne sashen da muka fi so a karanta sau biyu. Bencin jirgin alminiyam ba wurin zama ba ne kawai. Shi ne ke riƙe gefe da gefe kada su buɗe. A cikinsa kuma maƙera sukan cusa wani soso mai tauri wanda ruwa ba ya shigarsa. Wannan soso shi ne ke hana jirgin nutsewa in ya cika. Sau da yawa mai gyara yakan buɗe benci, ya ga soson ya tsufa ko ɓeraye sun ci shi, ya zubar, ya mai da wurin akwatin ajiya. Wani ma yakan cire bencin tsakiya ɗungum domin taru ya sami wuri. Jirgin zai yi kyau, zai yi faɗi, ba kuwa wanda zai san abin da aka rasa sai ranar da iska ta taso.

In soson ya lalace, wajibi ne mu sa wani abu a madadinsa. Soson katifa ba zai yi ba, gama shan ruwa yake yi. Farin soson da ke zuwa cikin kwalin firji yana iyo sosai, amma fetur yana narkar da shi, sai a naɗe shi a leda mai kauri a kuma nisanta shi da tanki. Abin da ya fi sauƙin samu a wurinmu shi ne jarkoki da gorunan roba masu murfi mai kyau. Lissafin ba wuya: kowace lita ta iska tana ɗaga kusan kilo ɗaya. A ce jirginmu kilo 70 ne, inji kilo 35. Jarka shida masu lita 20 za su riƙe su. Mu ƙara biyu domin mutanen da za su rataya a jiki. Mu raba su gaba da baya, hagu da dama, mu fi yawaita su a baya wajen inji. Mu ɗaure su tam a ƙarƙashin benci da jikin gefe, gama jarkar da ba a ɗaure ba ita kaɗai za ta tsira.

Mu tattauna: a cikin jiragen da yaranmu ke shiga zuwa makaranta ko kasuwa, wanne ne muka taɓa duba ƙarƙashin bencinsa? Wa zai ɗauki wannan aiki kafin ruwa ya kawo?

Ƙare-ƙaren da muke so

Yanzu muna iya tunanin abin da zai sauƙaƙa mana aiki. Alminiyam yana zafi a rana, yana kuma da ƙara, abu kaɗan ya faɗi kifi ya watse. Shimfiɗar siraran katako a ƙasa tana maganin duka biyu. A yi ta yadda za a iya ɗagawa a wanke ƙasan. Akwatin kifi ya zauna a tsakiya, a ƙasa. Rumfar inuwa ta zama ta yadi, mai naɗewa, domin iska tana kama rumfa kamar yadda take kama zani a igiya.

Abin da ba mu goyi baya ba shi ne dakali mai tsawo a gaban jirgi domin mai jefa birgi ya tsaya. A babban jirgi yana da amfani. A ƙarami mai ƙunci, da zarar nauyi ya hau sama, jirgin ya zama mai saurin kifewa. Kowane kilo na katako da muka ƙara kuma, mun rage shi ne daga kayan da jirgin zai ɗauka.

Nawa zai ɗauka? Mu duba kusa da wurin inji ko akwai ɗan allon ƙarfe. Tun 1972 dokar Amurka ta wajabta wa maƙeran ƙananan jiragen inji, waɗanda ba su kai ƙafa 20 ba, su rubuta yawan mutane, da nauyin kaya, da ƙarfin injin da ya dace. Da fam suke rubuta nauyi, fam 100 kuwa kilo 45 ne. Buhun masara mai kilo 100 ya kai fam 220. Kada fenti ya rufe wannan allo, kada kuma mu ɗaura injin da ya fi abin da aka rubuta.

Fenti ba dole ba ne. In muna so, mu goge da samfefa, ban da burushin baƙin ƙarfe, mu shafa fentin fari na alminiyam a ranar, sa'an nan launi mai haske. Ɗan yashi a fentin ƙasa yana hana santsi.

Ranar gwaji mu zaɓi wurin da ruwa bai wuce ƙugu ba, kowa da rigar ruwa a jikinsa. Mu bar jirgin a ruwa awa ɗaya mu ga ko ƙasansa ya jiƙe. Sa'an nan mu sauke inji, mu ɗaura duwatsu masu nauyinsa a wurinsa, mu cika jirgin da bokiti har baki. In ya tsaya a sama bai karkata ba, mutum biyu su rataya a gefensa mu gani. In baya ya nutse, mu ja shi tudu mu ƙara jarka.