Amsoshin Wasiƙu: Hutu a Kan Dutse da Iyali da Ƙananan Yara

Wuraren hutu na kan duwatsu a Najeriya ba su da yawa, kuma waɗanda za a iya kwana a cikinsu da tsofaffi da yara sun fi ƙaranci. Manyansu uku ne: tsaunukan Jos a Jihar Filato, tsaunin Mambila a Jihar Taraba, da Obudu a Jihar Kuros Riba. Abin da ke jan mutane zuwa can shi ne sanyi, sanyin kuwa tsayi ne ke kawo shi, domin duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da kusan digiri 6 da rabi. A kan wannan batu wasiƙun makon nan suka fi yawa, kuma wadda ke saman tulin ta fito ne daga Kuyello, a gabashin ƙasar Birnin Gwari.

Mai wasiƙar magidanci ne, manomin masara. Ya ce bana Allah ya yi wa gona albarka, kuma bayan shekarun da gidansu ya yi cikin zullumi yana so ya fitar da iyali su sha iska: mahaifiyarsa, ƙannensa biyu da matansu, da yara, mutum kusan ashirin, ƙaraminsu yana goye. Ya ga hotunan Obudu a Facebook, yana tambaya ko can ya dace. Allah ya saka masa da alheri a kan wannan niyya, domin ba kowane mai gida ne ke tuna tsohuwarsa ba idan kuɗi ya shigo.

Obudu yana ƙaramar hukumar Obanliku, dab da iyakar Kamaru, a tsayin kusan mita 1,576. Turawa suka kafa shi a 1951 don kiwon shanu, saboda ƙudan tsando ba ya damun dabbobi a irin wannan tsayi. A zamanin Gwamna Donald Duke aka gyara shi ya zama babban masauki, aka kuma kafa motar igiya a 2005, mai tafiyar kimanin kilomita 4, wadda ke ɗaukar mutane daga gindin dutse zuwa sama tana reto kamar guga a bakin rijiya. Ba kullum take aiki ba, an sha dakatar da ita. Idan ba ta aiki sai a bi hanyar mota mai kilomita 11 da kwana sama da 20, irin hanyar da ke juya cikin yaro ya yi amai tun ba a kai rabi ba. Wurin yana da kyau ƙwarai, babu musu. Sai dai daga Kuyello sai an bi ta Abuja, Lafiya, Makurɗi da Gboko, tafiyar kwana biyu ga mai yara, dawowa ma haka. Mai goyo da tsohuwa ba za su ji daɗin hutun da rabinsa a cikin mota aka yi shi ba. Obudu ya fi dacewa da samari ko ango da amarya.

Mambila kuwa, wanda wata malamar makaranta daga Funtuwa ta tambaya, wuri ne da ya cancanci a tsaya a kansa. Yana ƙaramar hukumar Sardauna, hedikwatarta Gembu, kuma tsayinsa a matsakaici ya kai mita 1,600. Daga Jalingo ake bi ta Bali da Serti, a fara hawa daga Mayo Selbe, a wuce Maisamari da Nguroje kafin a isa Gembu. Da zarar an gama hawan, ƙasa takan buɗe: tuddai masu ciyawa kore shar, shanu a warwatse ko'ina, hazo yana sauka da safe har ya rufe rugage. A Kakara akwai gonar ganyen shayi da masana'antar sarrafa shi, inda yaro zai ga da idonsa cewa shayin da yake sha da burodi ganyen itace ne da ake tsinka da hannu. Nono da man shanu ba a maganarsu, ga ayaba da fiya. Fulatanci da Hausa suna tafiya a kasuwa, masallatai suna nan a kowane gari, ana kuma samun naman yankan Musulmi, don haka baƙo daga ƙasar Hausa ba ya jin baƙunta sosai. A wannan yanki ne Chappal Waddi yake, dutsen da ya fi kowanne tsayi a Najeriya, mita 2,419, cikin gandun Gashaka Gumti. Masaukin Gembu otal-otal ne da gidajen baƙi irin na gari, kuma nisan ya ma fi na Obudu. Malamar, da ta ce yaranta sun tasa, tana iya shiryawa tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ruwa ya ɗauke hanya ta bushe.

Ga mai wasiƙar Kuyello, Jos ce amsa. Wanda ya isa Zariya zai bi ta Pambeguwa da Saminaka ya hau Filato, tafiyar yini ɗaya idan an yi sammako. Garin yana kan tsayin kusan mita 1,200, duwatsun Shere da ke gabashinsa kuma sun kai mita 1,829. Akwai gidan tarihi da aka buɗe a 1952, da gidan namun daji a gefensa, da filin gine-ginen gargajiya inda aka gina kwatankwacin ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya. Akwai kuma babban gandun namun daji a bayan gari. Uwa-uba, akwai asibitin koyarwa na jami'a da wasu manyan asibitoci, abin da ya kamata mai tafiya da jariri da tsohuwa ya fara dubawa kafin kyan wuri. Jos ta sha rikice-rikice tun daga 2001, saboda haka a nemi shawarar ɗan gari wajen zaɓar unguwar da za a sauka, a kuma shiga garin da rana.

Wani ya tambayi ginin Kajuru, wanda wani Bajamushe ya gina a kan dutse a shekarun 1980, kimanin kilomita 45 daga Kaduna. Ɗakunansa kaɗan ne, ba za su ɗauki gida guda na mutum ashirin ba, kuma a Afrilun 2019 an kai hari wurin har mutum biyu suka rasa rayukansu. A bar shi tukuna.

Tambayar da ta fi taɓa zuciya ta zo ne daga wani dattijo, shi ma daga ƙasar Birnin Gwari. Ya ce me zai sa a tafi nesa alhali ga Kamuku a ƙofar gida. Baba yana da gaskiya ta wani ɓangare. Kamuku gandun daji ne tun 1936, a 1999 ya zama gandun ƙasa, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 1,100. A cikinsa akwai Goron Dutse, da Tsaunin Rema mai garken birai, da magangarar Dogon Ruwa, kuma an san dajin da giwaye da gwanki da gadu. Da a ce zaman lafiya bai yanke ba, da yau mutanen Kano da Abuja ne ke rubuto wasiƙa suna tambayar hanyar Birnin Gwari. Amma dajin, wanda ya haɗe da na Kuyambana a Zamfara, ya daɗe yana maɓoyar 'yan bindiga. Sulhun da gwamnatin Jihar Kaduna ta yi a ƙarshen 2024 ya sa an sake buɗe kasuwar shanu, motoci suka dawo hanya, amma buɗe kasuwa daban, shiga tsakiyar daji da mata da yara daban. Ba za mu ba kowa wannan shawara ba a yanzu. Allah ya dawo da lafiya, ya nuna wa Baba ranar da zai kai jikokinsa Dogon Ruwa.

Yanzu batun sanyi, wanda iyaye mata uku suka tambaya. Likitocin yara sukan ce jikin jariri yana zubar da ɗumi da sauri fiye da na babba, musamman ta kai da ƙafa, don haka hula da safa sun zama dole, kuma riguna biyu ko uku marasa kauri sun fi ƙatuwar riga ɗaya, saboda ana iya rage su idan rana ta ɗaga. A Jos, daren Disamba da Janairu wani lokaci yakan sauka ƙasa da digiri 10. Wankan yara a bar shi sai hantsi, da ruwan ɗumi, a shafe su da man kaɗanya. Abu ɗaya kuma da ba a wasa da shi: kada a shigar da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum yakan yi barci ne kawai bai farka ba, kuma yara take fara kayarwa. Hayaƙin janareta ma haka yake. A ƙara bargo, a bar wuta a waje.

Uwar da ta ce ɗanta yana da sikila ta yi kyau da ta tambaya. Sanyi da ƙarancin ruwa a jiki suna tayar da ciwon, hawa wuri mai tsayi ma yana iya ƙara masa. Ta ga likitan da ke duba shi kafin a sa ranar tafiya, ta riƙe magungunansa a jakar hannu, ta yawaita ba shi ruwa ko bai nema ba. Mai asma da tsohuwa mai hawan jini su ma haka. Ciwon tsayi da ake ji a labarin masu hawan manyan duwatsun duniya yakan fara ne daga mita 2,500, babu masaukin Najeriya da ya kai nan. Sauro ya ragu a kan tsauni amma bai ƙare ba, a tafi da gidan sauro. A kuma tafi da garin gishiri da sukari na kemis saboda gudawa. Idan babu, cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa.

Rabon ɗakuna shi ne inda tafiyar gida guda ta fi samun matsala, kuma ba a cika tunaninsa ba sai an isa. A gida kowa da sashensa, suruka ba ta haɗa hanya da uwar miji sai da dalili, matar ƙane tana kunyar wan miji. Otal bai san wannan ba: ɗakuna a jere, falo ɗaya, wani lokaci bayi ɗaya. Matar da ba ta iya cin abinci a gaban surukarta za ta kwana uku da yunwa ba ta faɗa wa kowa ba. Mafita ita ce a kama gida sukutum mai ɗakuna da kicin, ko a raba ɗakuna gida biyu, mata da ƙananan yara a ɓangare ɗaya, maza da samari a ɗayan. Hajiya a ba ta ɗakin ƙasa kusa da bayi, da jika ɗaya mai hankali da zai kwana da ita, saboda matakala da sanyi ba sa shiri da gwiwar tsoho. Kicin yana rage kashe kuɗi ƙwarai. A tafi da garin tuwo, kuka, daddawa, yaji, garin kunu da dambun nama, dankalin turawa da kabeji kuwa a saye su a Jos da araha. Mai dafa wake ta ƙara haƙuri, domin ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da ya saba ba a wuri mai tsayi, girki yakan ɗan ja lokaci.

A nan akwai ɗan faɗa ga maza. Ba daidai ba ne a cusa mutum ashirin da kaya a bas mai kujera goma sha takwas, yara a kan cinya, a tafiyar yini guda. A ɗauki mota biyu, a tsaya duk bayan awa biyu ko uku. Idan an hau dutse kuma, kada a bar yara biyar a hannun yarinya 'yar shekara goma manya suna can suna ɗaukar hoto. Kowane ƙaramin yaro a ambaci sunan babban da ke riƙe da shi tun kafin a fito daga mota. Mata su ma hutu suka zo, ba sauya murhu ba, a raba musu aikin.

Lokaci yana tafiya, sauran a taƙaice. Mai tambayar sallar ƙasaru: a mazhabar Malikiyya tafiyar da ta kai mil 48, wato kusan kilomita 80, ana yi mata ƙasaru, amma wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri zai cika sallarsa. Mai tambayar da wace zai tafi cikin matansa biyu: Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, sauran bayani yana wurin malamin unguwa.

Tambayar dusar ƙanƙara ta sake dawowa, kamar yadda take dawowa duk lokacin da aka ambaci Jos. An amsa, an sake amsawa, ga ta kuma: dusar ƙanƙara ba ta zuba a ko'ina a Najeriya. Abin da ke zuba a Filato ƙanƙarar ruwan sama ce, ita ma da damina. Haka tambayar kuɗin ɗaki, wadda ta zo a wasiƙu da yawa. Farashi ba ya zama wuri ɗaya, duk adadin da aka faɗa yau zai tashi kafin wata ya kama. A buga waya masaukin, a tambayi kuɗin ɗaki, da ruwan zafi, da wuta da dare, da ko ana barin baƙi su yi girki, sannan a ware kuɗin dawowa daban kada a taɓa shi.

Wasiƙun da ba a kai gare su ba suna nan sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Masu rubutowa a kan tafiya da iyali su riƙa faɗin shekarun yaransu, da watan da suke son tashi, da ko akwai mara lafiya a cikinsu, domin da waɗannan ake gane wurin da ya dace da su.