Zuwa ga Ɗana Mai Tsaron Lilo

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka samu aikin hutu a wurin wasan yara kafin sakamakon jarrabawarku ya fito. Da ɗan damuwa ta faɗa, wai ɗanta mai son zama injiniya ya koma yagar tikiti. Na ce ta kwantar da hankalinta, kawunsa ma ya yi, kuma bai rage shi da komai ba.

Nawa a zamanin Shagari ne, Abubakar Rimi na gwamnan Kano. A shekarun nan, daga 1980 zuwa 1983, ƙaramar Sallah cikin Yuli ko Agusta take faɗowa, sai ya zama dogon hutu da damina da bikin Sallah duk sun haɗu wuri guda. Yara su yi kallon Hawan Daushe, washegari su cika aljihu da goron Sallah su nufi Gidan Zoo da aka gina zamanin Audu Bako, su ga zaki su tsokani biri, ragowar kwabbansu kuma su kawo mana. Har yau in na ji ƙanshin ƙasa bayan ruwa ya gauraya da warin giris, filin nan nake tunawa: 'yan mata da lalle ja wur, samari da tabarau na roba da usur, mai ƙanƙara yana kiran ciniki, janareta na ta ruri ba mai jin maganar wani sai an ɗaga murya. Da magariba mu zauna kan benci mu raba gurasa, ƙafafu na zogi, muna dariyar wanda hajijiya ta kayar.

Tunanin baya yakan tace abu ya bar zaƙin kawai, don haka kada daɗin labarina ya ruɗe ka. Kowa a wurin nan nishaɗi ya zo yi, ban da kai. Uwa ta miƙo maka ɗanta ba ta san sunanka ba, ba ta san gidanku ba, ta koma gefe tana ɗaga masa hannu. Daga lokacin da ka danna maɓalli har lilon ya tsaya cak, amanar yaron nan tana wuyanka. Mu a lokacinmu abin da ke ɗauke hankali hira ce da kallon 'yan mata. Ku kuwa kuna da waya, wadda ta fi su iya sata. Ka bar ta a aljihu.

Tunda injiniya kake son zama, ga makaranta kyauta. Ka lura da majaujawa: yaron da ke kujerar gefe ya fi na kusa da tsakiya gudu, don da'irarsa ta fi faɗi alhali lokacin zagayen ɗaya ne, shi ya sa ƙanana ciki ake sa su. Babban lilon nan mai kama da tayar keke kuwa ba a cika gefe guda a bar ɗayan wayam. Ana ɗora mutane ne a kujerun da ke fuskantar juna don nauyi ya daidaita, injin bai wahala ba. Wani injiniya ɗan Amurka, George Ferris, shi ya gina wanda ya yi suna a bikin baje kolin Chicago a 1893, tsayinsa kusan mita 80, da ɗakuna 36, kowanne na ɗaukar mutum 60. Ka ga ashe ba ƙaramin ilimi ke cikin abin da mahaifiyarka ke rainawa ba. Ka riƙa sammako kana tsayawa kusa da makanikin wurin lokacin da yake duba noti da sarƙa. Kunnenka zai koyi ƙarar lafiyayyen inji, ranar da ta sauya kuwa kai za ka fara ji.

In ka ji ta sauya, ko ka ga sakatar kujera ba ta kamawa, ka tsayar ka kira na gaba da kai, ko da layi ya kai bakin titi. Haka in hadari ya haɗo ana walƙiya, a sauke kowa, ƙarfe mai tsawo ba abin wasa ba ne a damina. Za a yi maka tsaki. Wani alhaji zai ce ɗansa ya isa hawa alhali kansa bai kai alamar tsawo ba, ya haɗa da tambayar ko ka san shi wane ne. Ka rusuna ka ce, “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri, doka ce,” ka nuna masa wanda ya dace da yaron. Yawancinsu a nan suke saukowa, don mutunci suke nema a gaban iyalinsu.

Akwai kuma waɗanda ba su shiga layi. Suna bayan wayar shinge, yatsu a saƙale, suna bin kowane zagaye da ido: almajirai, da 'yan talla da tire a ka. Zuciyarka za ta ce ka ɗaga musu igiya su wuce, ai kujera ba kowa. Kujerar ba taka ba ce, ɗana. In tausayin ya kai, ka sayi tikiti da kuɗinka ka ba ɗaya, ko ka roƙi maigidan ya yarda a yi musu zagaye guda in an kusa tashi. Namu maigidan, Allah ya jiƙansa, yakan yarda ran da ciniki ya yi kyau, ihun da yaran nan ke yi a sama kuwa ya fi na kowa.

Canji ka ƙirga a gaban mai shi, lissafin yamma kuma ya dace da ragowar tikiti ko da naira goma ce. Ku tsara da abokin aikinka wanda zai fara tafiya sallar La'asar, kada a bar inji na juyi ba kowa a kansa. Albashin farko ka kai wa mahaifiyarka ta sa albarka kafin ka taɓa. Ranar da sakamako ya fito kuma, ka sanar da maigidan da wuri don ya nemi wani, kada ya wayi gari ya ga benci ba kowa.

Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce ina nan tafe ranar Asabar da ƙannenka. Tikitinmu za mu saya, kada ka ce za ka yi mana alfarma.