Tsuntsu Mai Launin Zinariya

'Yan'uwa, akwai wani tsuntsu wanda Turawa su ke kira oriyol. Girmansa bai kai na kurciya ba. Namijin rawaya ne kamar zinariya, da baƙin zane a idonsa, bakinsa kuwa ja. A ƙwanƙolin manyan itatuwa ya ke zama, ba safai ya kan sauko ƙasa ba. Mai kunya ne. Mu kan ji kukansa kamar busar sarewa tun ba mu gan shi ba. Abincinsa 'ya'yan ɓaure ne, da ƙwari, da tsutsotsi masu cin ganye. Sheƙarsa kamar ɗan kwando ce, a rataye tsakanin rassa biyu.

Da damina ya kan hauro arewa. Amma a ƙasarmu ta Illela manyan itatuwa suna ƙarewa, gama muna sara domin girki, ba mu dasawa. Ina zai sauka?

Ubanmu ne mai ciyar da tsuntsaye (Matta 6:26), ta wurin itace kuwa ya ke ciyar da wannan. Mu kuma an ba mu tsaron gonarsa (Farawa 2:15). Bari kowane gida ya dasa itace ɗaya bana, ya tsare shi daga awaki.