Yadda Ake Leƙa Jami'a Kafin a Cike Fom

Shekarun baya ɗan yayata ya zaɓi wata jami'a saboda hoton ƙofarta da ya gani a wayar abokinsa. Ƙofa kam ta amsa sunanta, ga fitilu ga furanni. Sai da ya sami gurbi, aka ɗaure masa katifa da buhun garin kwaki, sannan ya gano sashensu ba ma a wannan harabar yake ba, yana can ɗaya gefen gari. Ɗakin kwana kuma bai samu ba. Shekara huɗu ya yi yana hawa mota biyu kafin ya kai aji. Da ya kashe kuɗin motar yini ɗaya tun farko, da ya san abin da zai tarar.

A Ingila da Amurka jami'o'i kan ware rana su gayyaci masu son shiga, a zagaya da su. Mu nan ba a cika yin haka ba, kuma ni ban ɗauke shi asara ba. Wanda ya san baƙo na tafe share tsakar gida yake yi. Kai kuwa so kake ka ga gidan yadda yake kullum, domin a cikinsa za ka yi shekara huɗu, ko biyar in injiniya ko lauya za ka karanta, ko shida in likitanci ne. Ga yadda ake yi.

Da farko, san inda sashenka yake

Sunan jami'a ɗaya ne, amma matsuguninta kan kai biyu ko uku. Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962 babbar harabarta tana Samaru, amma mai karatun lauya a Kongo zai zauna, kusa da Tudun Wadan Zariya, ɗalibin likitanci kuma ƙarshensa asibitin koyarwa na Shika. Jami'ar Bayero tana da tsohon matsuguni a wajen Kabuga, da sabo a kan hanyar Gwarzo, ga kuma asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano a can titin Zariya. A Sakkwato, matsugunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana bayan gari, sai ka ƙetare gulbin Rima, asibitin koyarwarta kuwa yana cikin gari. Haka ma a Yamai, mai zuwa Jami'ar Abdu Mumuni daga tsakiyar birni sai ya haye kogin Kwara zuwa Harobanda.

Saboda haka kafin ka fita daga gida, rubuta sunan kwas ɗin da kake so, da tsangayar da yake ƙarƙashinta, ka tambayi wanda ya yi makarantar a wace haraba take. Ka kuma tambaya ko a can ake fara aji ɗaya, don wasu kwasa-kwasan a wani wuri ake farawa, a wani wuri ake ƙarewa.

Na biyu, zaɓi rana

Talata ko Laraba, a tsakiyar zangon karatu. Juma'a rabin yini ce, Asabar da Lahadi kuwa ofisoshi a rufe suke. Kada ka je lokacin hutu ko yajin aiki, bishiyoyi da ƙadangaru kawai za ka gani. Kada kuma ka je ana jarrabawa, ba wanda zai sami sukunin amsa maka tambaya. In da hali, je da bazara, lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Makarantar da ke da ruwa a watan Afrilu tana da ruwa.

Yi sammako ka isa wurin da ɗalibai ke shiga mota kafin ƙarfe bakwai da rabi. Tsaya ka kalli layin, ka bi shi, ka biya abin da suke biya, ka duba agogo daga tasha zuwa ƙofa. Wannan ne darasinka na farko.

Na uku, bakin ƙofa

Sa tufafi na mutunci, don yawancin jami'o'in Arewa suna da dokar sutura, kuma daga ƙofa ake fara duba ta. Riƙe katin shaida, ko takardar lambar ɗan ƙasa, ko takardar hukumar jarrabawar shiga jami'a, JAMB, in ka riga ka yi rajista. Ka gai da masu gadi yadda ya kamata, ka faɗi gaskiya: "Baba, ina kwana? Ina so in nemi makarantar nan ne, na zo in ga sashen kaza." In sun ce ka rubuta suna, rubuta. In sun ce sai wani na ciki ya zo ya shiga da kai, to shi ya sa yake da kyau tun daga gida ka nemi lambar wani ɗan unguwarku ko tsohon ɗalibin makarantarku da ke karatu a can. Kada ka ɗaga waya kana ɗaukar hoton ƙofa ko ofishin tsaro ba da izini ba.

Kada kuma a tafi rundunar mutum shida. Biyu sun isa. 'Ya mace ta tafi da yayarta ko gwaggonta, domin ba a barin maza su shiga ɓangaren kwanan mata. Uba zai iya raka ta har ƙofa, amma abin da ya fi muhimmanci yana ciki, kuma idon mace ne kaɗai zai gano shi.

Na huɗu, fara daga wurin kwana, kuma da ƙafa

Nan ne mafi yawan masu ziyara ke kuskure. Sukan nufi dogon ginin hukumar jami'a, su tsaya gaban babban ɗakin taro, su yi hoto su koma gida suna cewa makaranta ta haɗu. Ginin shugaban jami'a ba a ciki za ka kwana ba.

Nemi ɗalibi ya shiga da kai ɗakin kwanansu. Ƙirga gadaje, sannan ka ƙirga katifu da bokitai. In gado huɗu ne bokiti tara, ka san akwai masu raɓe, kuma wataƙila kai ma raɓawar za ka yi. Tambayi yadda ake samun gado: ana fifita 'yan aji ɗaya da 'yan ajin ƙarshe ne, ko ta intanet ake rububinsa cikin 'yan mintoci? Duba silin ko akwai tabon yoyo, duba tagogi ko akwai ragar sauro.

Daga nan wuce banɗaki. Kada ka ji kunya, shiga. Murɗa famfo da hannunka. In ya zubo, tambayi ƙarfe nawa yake ɗaukewa. In bai zubo ba, bi masu jarka ka ga inda suke ɗebowa, da tsawon layin, da kuɗin da 'yan ga-ruwa ke karɓa. Na san ɗalibai masu ƙwazo da ba wahalar karatu ce ta karya su ba, neman ruwan wanka da asuba ne da zazzaɓin taifot. Wuta ma haka. Kar ka tambaya "akwai wuta?" don kowa zai ce akwai. Tambayi awa nawa aka samu jiya, da kuma inda suke cajin waya.

Wanda bai sami gado ba haya yake kamawa a unguwannin da ke maƙwabtaka da makaranta, kamar Samaru a Zariya, ko Rijiyar Zaki da Ɗanbare a Kano. Leƙa gida ɗaya ko biyu, ka ji kuɗin ɗaki a shekara, ka ji ko da kuɗin dillali a ciki.

Yanzu taka daga wurin kwana zuwa sashenka, kana duba agogo. Minti goma a inuwar darbejiya daban, minti arba'in a rana tsaka daban, balle da azumi a baki.

Na biyar, karanta bango

Allon sanarwar sashe ya fi kowace ƙasidar talla faɗin gaskiya. Dubi jadawalin lakca, ka ga ko ana yi har Asabar. Dubi shekarar karatun da aka rubuta a saman takardu, ka gwada da shekarar da ake ciki. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na 2022 ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, kuma ba kowace jami'a ce ta cike giɓin a lokaci ɗaya ba. In an lilliƙa sakamako, kalli kwas ɗin da aka fi faɗuwa, ka riƙe sunansa don tambaya.

Sai ka nemi lakcar 'yan aji ɗaya, irin wadda ake haɗa sassa da yawa. Yi wa shugaban aji magana, ka zauna can baya shiru. Kana jin muryar malami? Akwai lasifika? Mutum nawa ne a tsaye ko a kan taga? In kwas ɗinka na gwaje-gwaje ne, roƙi ma'aikacin ɗakin gwaji ya bar ka ka leƙa. Na'urar da ƙura ta rufe da wadda ake aiki da ita ba sa ɓuya. Laburare, irin na Kashim Ibrahim a Samaru, ba lallai a bar ka ka shiga ba tun da ba ka da kati, amma tambayar lokacin rufewa ba ta buƙatar kati.

Na shida, tambayi masu ɗaki

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai ba kowane mai ɗaki za ka tambaya ba. Ɗan aji ɗaya har yanzu ɗokin shiga jami'a bai sake shi ba, komai a wurinsa daidai ne. Ɗan ajin ƙarshe ya gaji, ƙorafi kawai za ka sha. Nemi 'yan aji biyu da aji uku, aƙalla mutum uku da ba abokan juna ba. Wurin mai shayi, ko gindin bishiya bayan sallar azahar, ya fi ƙofar aji daɗin hira. Ka saya wa mutum ruwan leda ko lemo, ka ce, "Yaya, don Allah shawara nake nema."

Yi tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a. Wata nawa sakamakon zangon da ya wuce ya ɗauka kafin ya fito? Malamai nawa ne ba su shigo aji ba makon nan? In maki ya ɓace, wa ake gani, kuma kwana nawa ake yi? Nawa kuka biya na rajista bana, nawa ne bara? Masu rancen karatu na NELFUND sun ga kuɗinsu kafin a rufe rajista? Mace ta keɓe da mata ta tambaye su abin da ba za su faɗa gaban maza ba: in malami ya matsa wa ɗaliba, ina ake kai ƙara, kuma ana saurara? Tambayar da na fi so ita ce ta ƙarshe: "Da ƙaninka ne, za ka ce ya zo nan?" Kalli fuskar mutum kafin bakinsa ya buɗe.

Akwai tambaya ɗaya da ofis ya kamata ka kai, wurin sakataren sashe ko jami'in jarrabawa: matsayin kwas ɗin a wurin hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC. Cikakkiyar amincewa shekara biyar take yi, ta wucin gadi shekara biyu, wanda aka hana kuwa ba a yarda ya ɗauki sababbin ɗalibai ba. Likitanci da lauya da injiniya da haɗa magunguna suna da ƙarin hukumomin sana'a a kansu. Likitanci da lauya ma har adadin ɗaliban da aka yarda a ɗauka ake ƙayyadewa. Makarantar da ta ɗebi fiye da ƙa'ida, ɗalibanta ne ke zaman jiran tafiya makarantar horar da lauyoyi ko rantsuwar kama aiki bayan sun gama. Tambayi ko 'yan bara sun tafi duka.

A nan kuma ka yi hattara. In wani ya ja ka gefe ya ce yana da hanya, ka kawo kaza ya samo maka gurbi, yi masa godiya ka wuce. Gurbin da bai bayyana a CAPS, shafin ba da gurabe na JAMB, ba, ba gurbi ba ne, kuma ranar tafiya bautar ƙasa ake gane haka.

Ci abinci, ka jira magariba

Ci abincin rana inda ɗalibai ke ci, ba inda malamai ke ci ba. Rubuta kuɗin kwano ɗaya, ka ninka sau biyu a rana, sau talatin a wata, ka haɗa da kuɗin mota da ruwa da bugun takardu. Wannan ne kuɗin makaranta na gaskiya, wanda mahaifinka zai riƙa ji a jikinsa kowane wata. Leƙa asibitin makaranta ka tambaya ko ana samun likita da dare. Duba wayarka ka ga layin da ya fi kamawa. Ga masallaci ko coci, ga filin ƙwallo, waɗannan ba sa buƙatar dogon bincike.

In gidan da za ka kwana yana kusa, tsaya har bayan magariba. Da yawan karatun jami'a da dare ake yinsa a azuzuwa. Duba ko hanyar aji zuwa ɗakin kwana tana da fitila, ko mata na tafiya hankali kwance, ko katanga ta zagaye wurin kwanan. In kuwa tafiya ce mai nisa a gabanka, bar wannan, ka kama hanya da rana tun da sauran haske.

Da ka koma gida

Rubuta abin da ka gani a daren nan, kafin ya gauraye. Ka yi ƙoƙari ka ziyarci makaranta ta biyu, don wanda ya ga ɗaya ba shi da abin gwadawa. Sannan ka zauna da iyayenka ka karanta musu lissafin, har da abin da bai yi maka daɗi ba a makarantar da zuciyarka ta fi so. A lura kuma jami'o'in tarayya suna raba gurabe ne kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankinsu, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko, don haka a duba ko jiharku na cikin yankin makarantar.

In ka riga ka cike fom kafin ka karanta wannan, ba ta ɓaci ba. JAMB tana ba da damar canja makaranta ko kwas a cibiyoyin da ta amince da su, a kan ɗan kuɗi kaɗan. Nemi kuɗin mota ka je ziyarar ranar Talatar nan, tun ba a rufe damar canjin ba.